Shayar da bakwaini nono da ƙaramin kofi a gida: yadda na yi da tawa 'yar

Ranar da aka sallame mu daga ɗakin jarirai, nauyin 'yata kilo 1.8 ne. Cikin wata na bakwai da 'yan kwanaki na haife ta, ta yi mako uku a kwalba da roba a hanci, sannan aka ce mu koma gida Tudun Wadar Kaduna, ga hunturu ya kankama. 'Ya'ya uku na haifa kafin ita, don haka a ganina babu abin da za a koya mini a harkar shayarwa. Yayyenta da kuka suke tashina in yunwa ta kama su. Ita kuwa sai ta share awa biyar tana barci ko motsi babu, ni ina ta murna Allah ya ba ni yarinya mai haƙuri. Da muka koma awo bayan kwana huɗu, sikeli ya nuna raguwa ta yi.

To 'yar'uwa, ki riƙe wannan tun kafin komai: bakwaini ba ya kukan yunwa, ƙarfin kukan ma ba shi da shi. Tsotso da haɗiya da numfashi ayyuka uku ne da jariri yake haɗawa lokaci guda, kuma ba sa daidaita sai wajen mako 34 na ciki. Wanda ya fito kafin nan zai kama nono, ya ja sau uku ko huɗu, ya gaji, barci ya kwashe shi, ke kina zaton ya ƙoshi. Haka abin yake ga jaririn da ya wahala wajen haihuwa, ko mai ciwon zuciya, ko wanda aka haifa da tsagar leɓe ko ganɗa. Irin waɗannan da agogo ake ciyar da su, da kuma awo.

Kafin ki bar asibiti ki tsare likita ya rubuta miki abu biyu a takarda: mil nawa za ta sha a kowane zama, kuma bayan awa nawa. Mu an yi mana lissafi a kan mil 150 ga kowane kilo a kwana guda, wato mil 270, aka raba gida 12. Kowace awa biyu mil 22 ke nan, bai ma cika cokalin shayi biyar ba. Kada ki ɗauki lissafinmu ki yi aiki da shi, don na kowane jariri daban ne, kuma yana ƙaruwa da ƙaruwar nauyi. Abin da ba ya canzawa shi ne kada ta wuce awa uku babu komai a cikinta, dare ko rana. Na saita ƙararrawar waya. In ta kaɗa sai in kwance mata zani, in canza kunzugu, in shafa tafin ƙafarta har ta buɗe ido.

Ki samu ɗan littafin 'yan makaranta ki riƙa rubuta lokaci, da mil ɗin da ta sha, da tumbuɗi, da fitsari. Ƙarfe uku na dare ba za ki tuna ko kin ba ta na ƙarfe ɗaya ba, ni shaida ce. In tana jiƙa kunzugu sau shida ko fiye a kwana guda, nonon yana isar ta.

Tatsa da hannu ta wadatar, ba sai kin sayi na'ura ba. Ki wanke hannu da sabulu, ki ɗora tsumma mai ɗumi a kan nonon na ɗan lokaci. Babban yatsa a saman baƙin da ya zagaye kan nono, manuniya a ƙasa, ki tura su ciki wajen ƙirjinki, ki matsa ki saki, ki matsa ki saki. Ban da jan kan nonon, ciwo kawai za ki ji wa kanki. Aƙalla sau takwas a kwana, har da na dare, in ba haka ba ruwan nonon zai ja baya. Wanda kika tatsa ki rufe shi, kada ya wuce awa huɗu a ɗaki, in ma lokacin zafi ne irin na Maris da Afrilu ki yi amfani da shi tun kafin nan. A firij yana kai kwana huɗu, amma fa firij ɗin da wuta ba ta yankewa, kin kuwa san halin wutarmu. Ni na daina ajiya gaba ɗaya, ina tatsa ina ba ta. In ya yi sanyi a tsoma kofin cikin ruwan ɗumi, ba a ɗora nono a kan wuta.

Yanzu ga kofin kansa, wanda a nan na fi shan wuya. Ɗan ƙarami ne mai santsin baki, irin na awon maganin yara, ina wanke shi da sabulu in tafasa shi. Fida ba ta yi mini ba, ga wuyar wankewa, ga madarar tana zubowa da sauri fiye da yadda yarinyar za ta iya haɗiyewa. Da sirinji nake auna nonon in zuba a kofi. Sai in naɗe mata hannuwa da zani don kada ta buge shi, in zaunar da ita a cinyata kusan a miƙe, hannuna na hagu yana tallafe da ƙeyarta da wuyanta. Bakin kofin a kan leɓenta na ƙasa zai zauna, a karkata shi kaɗan har nonon ya taɓa leɓen. Shi ke nan aikinki ya ƙare, sauran nata ne. Za ki ga ɗan harshen ya fito yana lasa kamar 'yar kyanwa, ta tsaya ta yi numfashi, ta sake komawa. In ta tsaya, ki bar kofin a inda yake ki jira.

Kada ki zuba mata a baki. Na san jarabar, barci a idonki, saura mil goma, ita kuma ta yi shiru. Dare ɗaya na ɗan ƙara karkata kofin don mu gama, sai ta ƙware, ta yi tari sau biyu, leɓenta ya fara duhu. Kifa ta na yi a kan hannuna, kanta ya ɗan yi ƙasa, na bubbuga tsakanin kafaɗunta kamar yadda Sista ta nuna mana, sai ga kuka. Da asuba muna asibiti aka duba ƙirjinta, don nonon da ya bi hanyar iska yana iya zama ciwon huhu. Ki sa a nuna miki wannan bubbugar da hannu kafin sallama, karantawa ba ta isa ba.

Kowane zama ina fara ɗora ta a nono na 'yan mintuna don ta saba, sannan kofi. Duka kada su wuce rabin awa, don bayan nan gajiyar ta fi ƙoshin yawa. In ta gama sai in ɗora ta a kafaɗa ta yi gyatsa, in riƙe ta a miƙe kamar minti 20. In kin ga tana zufa a goshi ko tana haki lokacin tsotso, ki gaya wa likita. Wadda aka sallami jaririnta da robar ciyarwa a hanci kuwa, ta riƙa duba alamar da aka yi a jikin robar daidai ƙofar hanci kafin kowace ciyarwa. In ta goce ko robar ta fita, a dakata, a koma asibiti, ba a mayar da ita a gida.

Sanyi da ƙin ci tare suke tafiya. Jaririn da jikinsa ya yi sanyi ba ya tsotso, abin da ya sha ma a ɗumama jiki yake ƙarewa. Maganin shi ne goyon ƙirji, wanda ma'aikatan asibiti suke kira goyon kangaru. A Bogota ta ƙasar Kolombiya aka fara shi a 1978 saboda ƙarancin kwalba, yanzu kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawararsa ga duk jaririn da bai kai kilo 2.5 ba, aƙalla awa takwas a rana. Daga ita sai kunzugu da hula da safa, a miƙe tsakanin nonona, fata da fata, fuskarta a juye gefe, in ɗaure da zani in ɗora riga. In zan yi wanka babanta yake karɓa, da farko yana jin kunya, daga baya shi yake tambaya. Ki sayi ma'aunin zafi a kemis, na hammata ya tsaya tsakanin 36.5 da 37.5. Kaskon garwashi a rufaffen ɗaki haɗari ne, turaren wuta ma na haƙura da shi, duk da son da nake masa. In kin sauke ta, a rigingine za ta kwanta.

Da mutanen gida kuwa sai da dabara. Da Hajiya, mahaifiyar maigidana, ta ga yarinyar ba ta kama nono tana tumbuɗi, cewa ta yi beli ne, a kira wanzami. Ban yi musu da ita ba. Na ce, "Hajiya, gobe ranar awo ce, ki raka mu ki ji daga bakin likita." A can aka bayyana mata cewa belin ba shi ya hana tsotso ba, kuma jinin da jaririya irin wannan za ta zubar a yankan zai iya tafiya da ita. Rubutun da ta karɓo mana kuma ni na sha, aka shafa wa yarinyar kaɗan a goshi. Ruwa ba ya shiga bakinta sai ta kai wata shida, zuma kuwa sai ta shekara. 'Yan barka daga bakin ƙofa suke leƙe, mai mura ko tsakar gida ba ta wucewa, wasu sun ji haushi har yau ana yi mini gori. Ni ma na rage kunun kanwa na koma na gyaɗa, don tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan kanwa da tsananin zafin jego da ciwon zuciyar masu haihuwa.

Akwai abubuwan da ba a jira gari ya waye a kansu: ta ƙi sha sau biyu a jere, ko jikinta ya saki, ko numfashinta ya kai 60 a minti ɗaya, ko ƙasan haƙarƙarinta yana lotsawa, ko jijjiga, ko amai kore, ko ciki ya kumbura, ko shawara ta sauko har tafin hannu da ƙafa, ko zafin jiki ya haura 37.5, ko ya sauka ƙasa da 36.5 kin goya ta awa guda bai tashi ba. Asibitin Yusuf Ɗantsoho yana kusa da mu, na Barau Dikko ma ba nisa, amma ƙarfe biyu na dare abin hawa ne matsalar. Mun karɓi lambar wani mai Keke Napep maƙwabcinmu, kati da littafin da kuɗin mota kullum suna cikin jaka ɗaya a bakin gado. A ƙirji za ki ɗauke ta har ku isa.

Awo duk mako ne, kuma a sikeli ɗaya, don na wani wurin yana iya bambanta ya tayar miki da hankali a banza. Da ta haura kilo 2.5 ita da kanta ta fara mutsu-mutsu tana ƙin goyon ƙirji, tsotsonta ya yi ƙarfi har ina jin ƙarar haɗiyarta. Ko a nan ban ajiye kofin rana ɗaya ba. Likita ya ce a janye na rana ɗaya bayan ɗaya muna kallon sikeli, na dare kuma shi ne na ƙarshe, sai da ta yi mako biyu tana ƙaruwa da nono kaɗai da rana sannan na kashe ƙararrawar ƙarfe uku.