Sauya Sifirin na Kunamar Fistol a Gida: Me Ake Samu, Me Ake Rasawa

Fistol sabuwa daga kamfani, kusan kullum kunamarta ta fi nauyin da mai son saiti yake so. Glock tana fitowa da kunama mai nauyin ja kimanin laba 5.5, wato wajen kilo biyu da rabi, alhali bindigar kanta ko cike take da harsashi yawanci ba ta cika kilo ɗaya ba. Libarbar Smith & Wesson kuwa, idan za ka ja ta ba tare da ka ɗana guduma ba, wato ƙarfen baya da ke kai duka don harsashi ya tashi, sai yatsanka ya matsa da laba 12 ko kusa da haka. Yatsa na kokawa da nauyin da ya ninka na bindigar, dole bakinta ya ɗan karkace kafin harsashi ya fita. Wannan ne ke kai mutane ga sayen ƴar jakar sifirin daga kamfanoni irin su Wolff ko Apex, domin aiki ne da ake iya yi a kan teburi cikin awa guda, kuma idan bai yi ba ana iya mayar da komai yadda yake.

Maganata da wanda yake riƙe da bindigarsa bisa doka nake yi, a inda doka ta yarda mutum ya gyara kayansa. Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, ka san taka kafin ka kwance ko da noti ɗaya. Bindigar da aka ba ka a wurin aiki ba taka ba ce, ba a taɓa cikinta. Kuma yawancin kamfanoni suna janye garanti da zarar sun ga kayan wani a cikin bindigarsu.

Abin da nake so ka riƙe tun farko shi ne, babu sifirin da aka saka a bindiga don kawai ya wahalar da yatsanka. Kowanne yana da wani aiki na biyu, kuma duk sauƙin da ka samu a kunama daga wannan aikin ka ciro shi. Kamar ɗinkin riga ne da yadi bai isa ba: in ka ƙara wa hannu, ka rage wa jiki.

Ɗauki babban sifirin, wanda ke tura guduma, ko kuma wanda ke tura allura a bindigogin da ba su da guduma. Shi ne ya fi kowanne ƙara wa kunama nauyi, shi ne kuma ke ba allura ƙarfin dukan ƴar hular da ke gindin harsashi har ta kama wuta. Ka rage masa ƙarfi, kunama ta yi laushi, dukan ma ya yi laushi. Hular harsashi kuma ba iri ɗaya ba ce. Ta kamfanin Federal an san ta da taushi, shi ya sa masu gasar libarba ke nemanta. Ta CCI ta fi tauri, harsashin da aka yi wa soja ya fi su duka tauri. Bindigar da ke tashi lafiya da wancan tana iya yin shiru da wannan. Harsashin .22 mai wuta a gefen kwanso shi ma yana son duka mai ƙarfi, don haka ni ba na rage babban sifirin a kansa sam.

Sifiri na biyu shi ne mai dawo da kunama gaba bayan harbi. A libarbar Smith & Wesson yana cikin ɗan ƙarfen da ke zamewa bayan kunama. Na kamfani yana wajen laba 18, jakar Wolff kuma takan zo da na laba 13, 14 da 15. Mutane na saurin ɗaukar na 13 saboda shi ne mafi sauƙi. Ni na 15 nake fara gwadawa, domin idan dawowar kunama ta yi sanyi, yatsa mai sauri yakan riga ta, ka sake ja ba ta gama komawa ba, sai bindiga ta cije. Kuma wannan ƙarfen mai zamewa yana cikin abubuwan da ke janye guduma daga kan harsashi idan an saki kunama, ba abin wasa ba ne.

A Glock akwai wani abu da ke ruɗa sababbin shiga. A samfuran da suka gabaci Gen5, wato zubi na biyar na Glock, ƙaramin sifirin kunama ba ya tura kunama gaba, baya yake jan sandarta, wato yana taya yatsanka. Saboda haka wanda ya fi ƙarfi, kamar na laba 6, shi ne ke rage nauyin ja. Abin da ke dawo da kunama gaba shi ne sifirin allura. Ka ga ke nan idan ka haɗa sifirin kunama mai ƙarfi da sifirin allura mai rauni, kana jan igiya ɗaya ta ɓangare biyu, kuma kunama na iya ƙin komawa gaba sosai har ɗan harshen makarin da ke tsakiyarta ya kasa shiga wurinsa. Bindiga a wannan hali ta rasa ɗaya daga makarai uku da ke hana ta tashi da kanta, mai ita kuma bai sani ba. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa nake ƙin a zuba duk abin da ke cikin jakar a lokaci guda.

Na uku shi ne ɗan ƙaramin sifirin da ke danne makarin allura, wanda ke hana allura tafiya gaba sai an ja kunama. Sauƙin da ake samu a rage shi kaɗan ne, aikinsa kuwa shi ne tsare bindiga idan ta faɗi. Ni ina barin na kamfani a wurin.

Kafin ka buɗe

Ka fara da aunawa. Ma'aunin kunama, irin na Lyman ko Wheeler, ya fi kowane sifirin amfani, domin yatsa ba ya faɗin gaskiya: wanda ya kashe kuɗi yakan ji sauƙin da babu shi. Ka maƙala ma'aunin a wuri ɗaya na kunama kowane lokaci, inda yatsa ke zama, ka ja a hankali kai tsaye zuwa baya sau goma, ka rubuta matsakaicin. Kusa da ƙarshen kunama lamba takan faɗi, kusa da sama takan hau, don haka in ka canja wuri ka ɓata lissafin.

Sannan ka tambayi kanka aikin bindigar. Ta gasa daban, ta tsaron kai daban. A gasar ma akwai iyaka: hukumar wasan harbi ta duniya, ISSF, ba ta yarda kunamar fistol ta iska ta mita 10 ta gaza giram 500 ba, ta mita 25 kuma giram 1000. Ga bindigar da za a ɗauka a jiki, mutum a firgice hannunsa na rawa, ba ya jin bambancin laba 3 da laba 5, kuma nauyin kunama na cikin abin da ke tsakaninsa da harbin da bai yi niyya ba. A baya, ƴan sandan birnin New York sun daɗe suna amfani da Glock mai kunamar laba 12 saboda wannan tsoron. A ganina sun wuce gona da iri, amma tsoron nasu gaskiya ne. Irin wannan bindiga, in dai za a taɓa ta, kada ta sauka ƙasa da laba 4.5 zuwa 5.

Kayan aiki ba su da yawa: tsinken ƙarfe na tura fil, sukudireba mai baki daidai da tsagar noti, gilashin kare ido, farin ƙyalle a kan teburi, da babbar leda mai haske. Ledar don ka kwance sifirin a cikinta ne, saboda idan ya kuɓuce yakan tashi da ƙarfi, ko dai ya ɓace ko ya nufi ido.

Cire gidan harsashi, ja murfin sama baya, duba ramin harsashi da ido, sa ɗan yatsa ka taɓa. Kwashe duk harsashi ka kai wani ɗaki. Glock sai an ja kunama kafin murfinta ya fita, kuma a daidai wannan matakin ne mutane da dama suka harbi hannunsu ko ƙafarsu da bindigar da suka ɗauka babu komai a ciki. Ka duba sau biyu, ka juya bakin zuwa inda ko ta tashi ba za ta sami kowa ba. Ka ɗauki hoto da waya a kowane mataki.

Aikin kansa

A Glock, sifirin allura yana cikin murfin sama. Za ka danna hannun robar da ke kewaye da allura zuwa gaba da tsinke, ka zame faifan baya a hankali, babban yatsanka a kansa domin akwai wani sifirin a ƙarƙashi da ke jiran ya tsallake. Allura ta fito, sai ka danne sifirinta ƙasa ka cire ƴan kofunan roba biyu da ke riƙe shi. Wajen mayarwa ka lura kada ƙarshen wayar sifirin ya faɗa daidai tsagar da kofunan suka haɗu. Ramin allura a bushe ake barinsa. Mai a wurin yana tara datti, yana rage wa allura gudu, kuma da sifiri mai rauni nan da nan za ka ga harsashi ya ƙi tashi. Filolin jikin bindigar da hannu ake tura su. Idan na kunama ya ƙi fita, ka girgiza madakatar murfi kana turawa, kada ka buga shi da guduma.

A libarbar Smith & Wesson wurin da ake ɓarna shi ne faifan gefe. Ba a ɓanɓare shi da sukudireba. Bayan ka kwance notinan, ka riƙe bindigar a tafin hannu ka riƙa buga jikin mariƙin da ƙotar katako, faifan zai ɗago da kansa. Kowane noti ya koma raminsa, musamman na gaba wanda ke riƙe hannun gangar da ake zuba harsashi a ciki. Ƙarƙashin faifan akwai siririn ƙarfe mai tare guduma, yakan faɗo, kuma dole ya koma mazauninsa kafin a rufe. A manyan samfura babban sifirin falle ne, da noti a gaban mariƙi da ke matse shi. Wasu na sassauta wannan notin don su sami sauƙi kyauta. Kada ka yi. Notin da ba a ɗaure ba yana ci gaba da kwancewa da girgizar harbi, har ranar da bindiga za ta daina tashi.

Beretta 92 ita ce mafi sauƙin misali. Babban sifirinta na laba 20 ne, ana kuma musanya shi da na samfurin 92D mai laba 16, wanda kamfanin da kansa ya yi. Nauyin jan farko, wanda ake yi ba a ɗana guduma ba, yana sauka sosai, tashin harsashi kuma bai cika samun matsala ba. Irin canjin da nake so ke nan: abu ɗaya, sananne, mai sauƙin komawa.

Abu biyu ba na gida ba ne. Yanke zagayen sifirin da filaya, domin ba ka san ƙarfin da ya rage ba. Da kuma goga ko zarto a kan fuskokin da ke riƙe guduma ko allura, musamman a fistol samfurin 1911. Kusurwar wurin da taurin fatar ƙarfen su ne ke hana bindiga tashi da kanta, kuma abin da zarto ya ci ba ya dawowa. Wannan aikin ƙwararren mai gyaran bindiga ne.

Gwaji

Sauya sifiri ɗaya, haɗa, auna, rubuta. Sai gwaji ba harsashi. Ja kunama ka riƙe ta a baya, ja murfi ka sake shi, sannan ka sassauta yatsa a hankali har ka ji ƙarar komawa. Kunama ta koma gaba gaba ɗaya da kanta, makarinta ya shiga. Matsa gefen kunamar ba tare da taɓa harshen makari ba, kada ta motsa. Saki murfi da ƙarfi sau da yawa, ka bugi bayan bindigar da tafin hannu, guduma ko allura kada su saki. Da murfi a hannu, tura allura gaba: bai kamata bakinta ya leƙo ba sai in ka danna makarinta. Ga Glock akwai rabin faifan baya mai ruwan lemo da masu gyara ke sakawa don su leƙa ciki, ana so sandar kunama ta kama aƙalla kashi biyu cikin uku na ƙafar allura. Ko ɗaya daga waɗannan ya gaza, mayar da na kamfani.

A filin harbi ka fara da harsashi ɗaya a gida, sannan biyu, sannan uku. Dalili shi ne idan wani abu ya lalace har bindiga ta saki biyu a ja ɗaya, gara ta yi hakan da biyu a ciki. In ta yi, ka tsaya nan take, ka sauke harsashi, kada ka ƙara harbawa sai an gyara. Haɗari ne, kuma a wurare da yawa laifi ne riƙe bindiga a haka. Idan ka ja ka ji ƙyas babu harbi, ka bar bakin yana kallon gaba daƙiƙa 30 kafin ka buɗe, sannan ka duba gindin harsashin. Rami marar zurfi a kan hula yana nufin dukan ya yi rauni.

Bayan nan sai ka harba aƙalla 200 na ainihin harsashin da za ka riƙa amfani da shi, har da lokacin da bindigar ta yi datti, domin sifiri mai rauni a bindiga mai tsabta yakan ɓoye aibinsa. A bindigar gasa, ƙin tashi ɗaya maki ne ka rasa. A bindigar tsaron kai, ɗaya ya isa ka koma sifirin da ya fi ƙarfi.

Tsofaffin sifirin ka sa su a ƴar leda ka rubuta sunan bindiga da wurin kowanne, domin da ido ba ka bambanta na laba 5 da na 5.5. Za ka buƙace su idan za ka sayar da bindigar ko ka aika ta kamfani. Sifiri kuma yana gajiya da aiki, wanda aka riga aka rage wa ƙarfi ya fi saurin faɗawa ƙasa da abin da hula ke buƙata, don haka bayan kowane dubban harbi ka sake ɗora ma'auni ka kwatanta da lambar da ka rubuta ranar farko.