Kafin ki jera duwatsun murhu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga duk wadda za ta kafa murhun itace a sabon gida, ki fara lura da iska tukuna. A wajenmu iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, hadarin damina ma galibi daga gabas yake tasowa. Don haka kada bakin murhu ya kalli gabas. In babu katanga a wannan ɓangaren, a yi masa ɗan gini na laka ya kare shi, wuta za ta ci a natse, itace kuma ya yi auki.

Ki nisanta shi da zana, rufin ciyawa da tagar ɗakin kwana. Galan ɗin fetur na janareta kuwa, ko kusa.

Abin da ya fi damuna shi ne madafi mara taga. Hayaƙin nan yana cin ido da ƙirji, har da na goyon da ke bayanki. A huda masa mafita ta sama. Kuma don Allah, lokacin sanyi kada a kwana da garwashi a ɗaki a rufe, iskarsa ba ta da wari amma tana kisa.