Yadda ake lissafa asarar da rashin tsaro ya jawo wa gari

Duk ƙungiyar ci gaban gari a Zamfara da ke son kai kuka gaban ɗan majalisa ko hukumar agaji tana buƙatar lissafi a rubuce, domin cewa an yi asara mai yawa ba ya shiga kasafin kuɗi. Mutum uku ko huɗu sun isa aikin, da yardar dagaci da masu unguwanni, su bi gida-gida da littafi ɗaya. Kada a rubuta sunan kowa, a bai wa kowane gida lamba, saboda takarda mai sunaye tana iya faɗawa hannun masu kai wa 'yan bindiga labari.

A fara da abin da ya fita daga hannu: kuɗin fansa, da harajin da ake ɗora wa gari kafin a bar mutane su yi shuka ko girbi, da baburan da ake haɗawa da fansa, da karo-karon ciyar da 'yan sa-kai. Wannan kowa yana tune da shi. Sai dai a tambayi inda kuɗin ya fito, domin wanda ya sayar da shanun huɗa ya fanshi ɗansa bai gama biya ba a ranar. Zai ci gaba da biya duk damina, a kuɗin hayar garma ko a gonar da ya kasa nomewa.

Gonar da aka bari ita ce asarar da ta fi girma, kuma ita aka fi mantawa, tun da babu wanda ya ga fitar kuɗi. A tambayi maigida damin gero da dawa nawa yake samu a gonar daji kafin ta gagari shiga, da buhun wake ko waken suya nawa, a cire abin da yake samu yanzu a gonar bakin gari, sannan a ninka ragowar da yawan daminar da aka rasa. A rubuta komai da dami da buhu da kan dabba tukuna, sai a ƙarshe a mayar da shi naira bisa farashin kasuwa mafi kusa, ko Talata Mafara ce ko Shinkafi ko Tsafe. Dalili shi ne, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuma darajar naira ta faɗi, miliyan ɗaya ta 2019 da ta yau suna kawai suka haɗa.

Matakan da gwamnati ta ɗauka da sunan tsaro su ma suna da shafinsu. A watan Satumbar 2021 an katse layukan waya a jihar, aka rufe kasuwannin mako, aka hana safarar dabbobi da sayar da mai a jarka, makarantu kuma suka kasance a rufe. A ƙirga makonnin da ɗan kasuwa da ɗan acaba da mai POS suka yi a zaune, da zangon karatun da yara suka rasa. Garuruwa irin su Anka da Maru su ƙara da haramcin haƙar ma'adinai na 2019 zuwa 2024.

Shafi na ƙarshe na kuɗin gwamnati ne, wanda shi ma na talaka ne. Jiragen yaƙi 12 ƙirar Super Tucano da Najeriya ta saya daga Amurka, waɗanda suka iso a 2021, sun ci kusan dala miliyan 500, kuma Askarawan Zamfara, wato rundunar tsaron al'umma ta jihar da aka ƙaddamar a Janairun 2024, daga asusun jiha ake ɗaukar nauyinsu. Wanda aka kora daga gonarsa ba zai ce a daina sayen makami ba, amma yana da haƙƙin sanin abin da aka bari domin a saya. A nemi kundin kasafin jiha, a jera kason tsaro kusa da na lafiya da na noma, a gwada su da alƙawarin da ƙasashen Afirka suka ɗauka a Abuja a 2001 na ware kashi 15 na kasafi ga lafiya da na Maputo na 2003 na kashi 10 ga noma. A nemi rahoton abin da aka saki a zahiri, domin abin da aka ware da abin da aka kashe sukan yi nisa da juna.

A sabunta littafin duk kaka, lokacin da amfani ke rumbu kuma farashi ya bayyana, a ajiye kwafi ɗaya a wajen gari.