Kafin ka kwance kafireto, bi man tun daga tanki

A Kaduna na koyi kanikanci, garin da aka fara haɗa Peugeot 504 a Najeriya a 1975, don haka hannuna ya buɗe ne a kan mota mai kafireto. Har yau irinsu nake so a kawo mini: 504, 505, tsohuwar Datsun, Corolla ta da. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, da mota ta fara fizga ko ta mutu a hanya, sai kowa ya ce a wanke kafireto. Sau da yawa an bar jaki ne ana dukan taiki. Mai yana tasowa daga tanki, ya bi tiyo, ya ratsa filta da famfo kafin ya isa kafireto, kuma haka ya kamata ka bi sawunsa.

Da farko ka tabbatar matsalar ta mai ce, ba ta wuta ba. Kashe mota, cire tukunyar filtar iska, ka leƙa maƙogwaron kafireto, wani ya taka totur sau biyu. Idan ka ga mai ya yi tsartuwa kamar daga sirinji, akwai mai a cikin ɗan kwanon kafireto da mai ke taruwa. Idan shiru, zuba fetur cikin murfin gora ɗaya a maƙogwaron, ka ja da baya, a murɗa makulli. Ta tashi na ɗan lokaci ta mutu? To mai ne ba ya zuwa. Idan ko tari ba ta yi ba, koma wajen filogi, kwantak da kwayil. Don Allah kada ka zuba mai ana cikin tayar da ita, kada kuma ka sa fuskarka a kan kafireto. Wuta kan yi baya ta fito ta nan, na ga yaron da ta ƙone wa gira da gashin goshi a gabana.

Daga nan sai tanki, kuma nan ne mutane suka fi tsallakewa. Wani direba ya taɓa kawo mini 504 doguwa da yake jigila da ita tsakanin Kaduna da Zariya. Ya ce, "Oga, motar nan ta ishe ni. Lafiya lau nake tashi, ina kaiwa wajen Jaji sai ta fara fizga ta mutu. In na huta minti goma sai ta tashi kamar ba ita ba." An wanke masa kafireto sau uku, an canza famfo. Na ce, "Alhaji, mu hau hanya tare." Tana mutuwa na sauka na murɗe murfin tanki, sai na ji fuuu, iska ta ruga ciki da ƙarfi. Ashe motar ta yi watanni a ajiye, zanzaro ya yi gini a bakin ɗan bututun da tanki ke shaƙar iska ta cikinsa. Mai yana fita, iska ba ta shiga ta maye gurbinsa, har famfo ya kasa ja. Da tsinke na sosa ƙasar ta zube. Wasu motocin ta murfin suke numfashi, saboda haka wanda ya ɓatar da murfinsa ya ɗaure bakin da leda da roba, ko ya sa murfin wata mota, shi ma zai ga irin wannan.

Tsatsa ma tana yin wannan wasan. Ɓawonta ya manne a bakin bututun da ke zuƙar mai, mota ta mutu, ya saki ya koma ƙasa, ta sake tashi. Tatsi man kaɗan a gorar ruwa mai haske ka ɗaga ta a rana. Ruwa ya fi fetur nauyi, za ka gan shi kwance a ƙasa, tsatsa kuma kamar garin barkono. Mai yawan sayen mai a galan wajen 'yan bumburutu ya riƙa yin wannan gwajin lokaci-lokaci. Wanda kuma ya tuna gurɓataccen man da ya shigo ƙasar nan a Fabrairun 2022, mai sinadarin metanol fiye da ƙima, ya san mai kansa na iya zama ciwon.

Filta ba ta da dogon bayani. Cire ta, in ta toshe ko ta yi ja, sa sabuwa, ka lura kibiyar da ke jikinta ta kalli wajen inji.

Tiyo kuwa yana da wayo. Wanda ke tsakanin tanki da famfo zuƙa ake yi ta cikinsa, don haka in ya tsage ba lalle ka ga ɗigon mai a ƙasa ba, iska yake sha. Lanƙwasa shi da yatsu kusa da inda aka ɗaure, za ka ga tsagar ta buɗe baki.

Yanzu famfo. A irin waɗannan motoci yana jikin inji, injin ne ke motsa hannunsa, wata 'yar fatar roba a ciki tana sama da ƙasa tana tura mai. Cire tiyon da ya shiga kafireto ka sa bakinsa a gora, cire ƙaramar wayar kwayil don kada tartsatsi ya tashi, a murɗa makulli. Lafiyayyen famfo yana tofo mai da ƙarfi, bugu bayan bugu. Idan ɗigo yake yi ko kumfa, ka ba shi mai kai tsaye daga galan da guntun tiyo. Ya tofo da kyau? Laifin yana baya, wajen tanki ko tiyo. Bai tofo ba, shi ne. Kuma ka zaro sandar auna baƙin mai ka sansana. Idan fatar ta yage, fetur kan zurara cikin inji, baƙin mai ya tsinke ya ƙaru yana warin fetur. Wanda ya ci gaba da tuƙi a haka, inji zai saya.

Ina roƙon masu sa famfon lantarki su kula. Kafireto ba ya son matsi, abin da yake bukata bai wuce kusan bar 0.2 zuwa 0.3 ba. Famfon motar injekta yana bayar da wajen bar 3, ninki goma ke nan. Ka ɗaura shi, sai ya fi ƙarfin allurar fulot, wato 'yar allurar da ke rufe hanyar mai idan kwanon ya cika ya ɗaga fulot ɗin da ke yawo a kan mai, mai ya yi ta ambaliya a kan inji mai zafi.

Da bazara, watan Maris da Afrilu, akwai wata matsalar. Ka tsaya a go-sulo ko ka kashe mota ka shiga masallaci, ka fito ta ƙi tashi. Zafi ya dafa man da ke cikin famfo da tiyo ya zama tururi, famfo kuwa ba ya iya tura tururi. Jiƙa tsumma ka lulluɓe famfon na 'yan mintoci. Idan ta tashi, ka duba ko tiyon ya matsa kusa da bututun hayaƙi, ka janye shi.

Sai duk waɗannan sun fita lafiya nake ɗaukar sukudireba in nufi kafireto, kuma motar da kanta take faɗa mini inda zan taɓa. Wadda ke gudu lafiya amma ta mutu da ka ɗaga ƙafa, jet ɗin silo ne ya toshe, wato ɗan ramin da mai ke bi idan ba a taka totur ba, ko iska na shiga ta gasket ɗin gindin kafireto. Wadda ke silo da kyau amma ta kasa hawan tudu, babban jet ne, ko fulot ya yi ƙasa, ko 'yar ragar da ke bakin shigar mai ta cika da datti. Baƙin hayaƙi da filogi mai baƙi kamar gindin tukunya, mai ne ya yi yawa: cok ya maƙale, allura ba ta rufewa, ko fulot ya huje ya nutse. Girgiza shi kusa da kunnenka, in ka ji mai na motsi a ciki, ya gama aiki. Da hunturu kuma ka fara duba filtar iska, ƙurar Kano da Katsina kaɗai ta isa ta shaƙe ta har mota ta riƙa hayaƙi.

Jet kuwa da iska ake hure shi bayan an jiƙa shi a fetur. Tagulla ce mai laushi, ramin an auna shi daidai, lambarsa ma tana rubuce a jikinsa. Ka zura masa waya ko allura sau ɗaya, ramin ya faɗaɗa, motar ta koma shan mai har ranar da aka sa wani. Idan za ka sayo sabo, tafi da tsohon a aljihu ka gwada lambar kafin ka biya.