Yadda ake cin ragin harajin sola a Amurka

'Yan uwa na Jidda da Makka masu 'ya'ya a Amurka, don Allah ku isar musu. Ragi biyu ne a fom 5695 na IRS, hukumar harajin Amurka, duka na aikin da aka gama kafin 2025 ta kare. Na sa tagogi da kofofi masu rage cin makamashi shi ake fara cirewa, in ya fi harajin da ake binka to sauran ya tafi kenan. Na sola kuwa kashi 30 ne na kudin aikin, abin da ya rage ka rubuta shi a fom din, badi ka ci gaba da cirewa, amma ba tsabar kudi za a baka ba fa. Sai gidan yana Amurka, kana zaune ciki, an gama hada solar kafin 2025 ta kare. Rasit din mai hadawa ka adana shi sosai.