Yadda za ki fara wa yarinya littattafan makarantar kwana na 'yan mata

In dai kina so ƙanwarki ko 'yarki ta kamu da son karatu to ki gwada mata tsoffin labaran nan na Ingila da ake yi a makarantar kwana ta 'yan mata, amma fa akwai yadda ake shiga, in kika ɗauko na tsakiya kika miƙa mata sai ta ajiye ta ce ba ta gane komai ba.

Ni dai shawarata ki fara da Malory Towers na Enid Blyton. Guda shida ne da ta rubuta da hannunta, daga 1946 zuwa 1951, kuma a jere ake karanta su dan Darrell Rivers tana shiga makarantar ne tana 'yar shekara 12 a littafin farko, tana girma kina biye da ita har ta fita a na shida. Makarantar tana Cornwall bakin teku, gidajen kwana huɗu kowanne da hasumiyarsa, ga wurin wanka da aka fafe a cikin duwatsu ruwan teku ne ke cika shi. Ki duba sunan marubuciya a bango kafin ki saya, dan akwai wasu shida da Pamela Cox ta ƙara a 2009, ba laifi gare su amma sai an gama na asali tukunna.

Kafin ta buɗe shafin farko ki zauna da ita minti biyar ki warware mata abubuwan da za su ɗaure mata kai. Lakros wasa ne da ake cafe ƙwallo da sanda mai raga a baki. Metiron ita ce mai kula da ɗakin kwana da magani da ɗinkin kaya. Sai liyafar tsakar dare, inda yara ke ɓoye kek da kifin gwangwani su tashi sha biyun dare su ci a ɓoye, wannan kam ba sai kin yi bayani ba, da kanta za ta so shi.

Inda na fi so ki tsaya shi ne halin marubuciyar. Blyton tana da son kai, in ta tsani yarinya to ta tsane ta har ƙarshe. Dubi Gwendoline, 'yar gata mai kukan gida, littafi shida ana yi mata dariya. A na farko har Darrell ta wanka mata mari saboda ta danna wata matsoraciya cikin ruwa, a sabon bugu sai aka mai da marin girgiza. Haka malamar Faransanci, kullum ita ake wa tsiya, har alli marar gani suka shafa a kujera ta tashi da tabo a bayan siket. Abin dariya ne wallahi, amma ki tambayi yarinyar, ke da kece Gwendoline ya za ki ji? Kar ki ba ta amsa, ki bar ta ta yi gardama, nan ne daɗin yake.

In ta gama sai St Clare's, shi ma na Blyton ne, guda shida, 1941 zuwa 1945, labarin tagwaye Pat da Isabel. Kusan miya ɗaya ce aka sake wa tukunya, ba zai ba ta wahala ba.

Chalet School na Elinor Brent-Dyer kuwa ki bari sai ta ƙara wayo. Littafi 58 ne tsakanin 1925 da 1970, an fara a tsaunukan Tirol na Ostiriya, da 'yan Nazi suka mamaye ƙasar a 1938 labarin ma ya kwashi makarantar zuwa tsibirin Guernsey, kinga akwai tarihi mai nauyi a ciki da sai kin taya ta. Kuma ki lura, da yawa cikin masu bangon takarda na da an yanke su, in kina son cikakke ki duba a rubuce cewa ba a taƙaita ba kafin ki biya.