Yadda na rage wa kaina nauyin karatun jinya

A shekara ta biyu ta karatun jinya a Garwa, ƙasar Kamaru, abubuwa suka cakuɗe mini: da safe aikin koyo a asibiti, da rana aji, wani makon ga aikin dare. Ilimin magunguna ya fi ba ni wuya, ga shi da Faransanci.

Sai na daina karatun dare. A watan Afrilu zafin Garwa kan haura digiri 40, ga ɗaukewar wuta, ba abin da ke zama a kai. Na mayar da darasi mai wuya bayan sallar asuba.

Abin da ya fi taimaka mini shi ne ɗan littafi a aljihun farar rigata. Duk maganin da na ga an ba majinyaci sai in rubuta sunansa, aikinsa da illarsa, in duba a littafi ranar. Lissafin ƙarin ruwa ma a gefen gado na iya shi: a robar ƙarin ruwan da muke amfani da ita, mililita 1 ɗigo 20 ne, don haka mililita 500 cikin awa 8 kusan ɗigo 21 ke nan a minti.

Ranar Lahadi muna haɗuwa da ƙawayena, kowacce ta bayyana babi ɗaya da Hausa ko Fulatanci. Inda ta kakare, nan muke maimaitawa.